Dubiya a Asibitin Dabbobi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da matan ajinmu suka zo min dubiya ba, ko da tsufa zai kwashe duk sauran abin da ke kaina. Na sha kunya a duniya (wadda ta fara riƙe fensir da furfura a kanta ai ta saba), amma wannan ce ta sa na roƙi ƙasa ta tsage in shige, a gaban makiyaya da shanunsu.

Bari in fara da kyanwar, tunda ita ta ja min.

Ni mutuniyar Mubi ce. Can aka haife ni, can na yi aure, kuma ban taɓa zaton zan bar garin ba sai a makara. Ranar da yaran nan masu bindiga suka shigo, maigidana Malam Umaru ya sa ni a gaba muka fito. Da muka kai bakin hanya ya ce in bi mutane, zai koma ya kulle shago ya same ni. Har yau yana can yana kulle shagon. Ban ga gawarsa ba, ban ga wanda ya gan ta ba. Duk ofishin da na shiga a Yola magana ɗaya ce: "Hajiya, ki jira, za a sanar da ke." Na jira har jiran ya zama sana'ata.

Ɗana yana Legas, 'yata tana aure a Garwa cikin Kamaru. Kowannensu ya ce in koma wajensa, na ƙi. In Malam ya fito, Yola zai neme ni. Sai na kama ɗaki ɗaya a wani gidan haya a unguwar Demsawo da ke Jimeta, ina soya ƙuli-ƙuli ina matsar man gyaɗa.

In faɗi gaskiya, ba ni da daɗin zama. Bakina ba linzami. In kika shanya zane a igiyata za ki ji, in ɗanki ya zubar min da ruwa a ƙofa uwarsa za ta ji. Matan gidan suka koyi gaishe ni daga nesa, ni ma na ce ya fi min. Amma in na rufe ƙofa bayan magariba, sai ɗakin ya yi min faɗi kamar filin Idi.

Wata damina na tarar da 'yar kyanwa a ƙarƙashin kaskon suyata, jiƙe sharkaf, duk ƙashi. Na kore ta da tsintsiya, ta dawo. Na zage ta tas, ta zauna tana kallona. A duk Jimeta ita kaɗai ce ta ji masifata ta matso maimakon ta gudu. Na sa mata suna Baƙuwa, don ni da ita duk babu wanda ya gayyace mu garin. Ita nake faɗa wa tsadar gyaɗa. Ita nake faɗa wa in na yi mafarkin Malam. Da na shiga makarantar yaƙi da jahilci (na gaji da dangwala yatsa a takardar da ban san me ta ce ba), ita nake biya wa karatu, tana lumshe ido kamar ta fi ni ganewa.

Ajin namu na yamma ne, a wata firamare bayan yara sun tashi. Manyan mata a kan bencin yara, gwiwa na taɓa haɓa. Shugabarmu Dada Asta ce, Bafulatana 'yar asalin unguwar Adarawo da ke zaune gidan ɗanta a unguwar Karewa, doguwa, ba ta ɗaga murya amma ba a tsallake maganarta. Su duk sun san juna, suna zuwa sunan juna da bikin juna. Ni kuwa "Ta Mubi" suke ce min. In an tashi, su tafi a ayari, ni in hau keken haya mai ƙafa uku na Hamma Bello, maƙwabcina, in koma wajen kyanwata.

To, wata safiya na tashi na ga Baƙuwa kwance a bakin randa tana amai, ido ya juye. Wani a gidan ya zuba shinkafar ɓera, ita kuma ta ci ɓeran. Na naɗe ta a tsohon zane na sa a kwali, na buga wa Hamma Bello ƙofa.

"Goggo, lafiya?"

"Asibitin dabbobi za ka kai ni."

Ya leƙa kwalin, ya dube ni. "Kyanwa fa, Goggo? Asibiti?"

"Kai aka ce ka biya? Tayar da keke. Kuma wallahi in na ji maganar nan a bakin wani, ni da kai ne."

Ya kama bakinsa da yatsu biyu, muka tafi.

Asibitin na kuɗi ne, can kan hanyar Numan. Tsakar gida cike da shanu da raguna, masu kaji da kwandunansu, sai wasu karnukan masu kuɗi a keji suna haushi kamar an aiko su. Na shiga da kwalina. Wani dattijo mai sanda a kafaɗa ya tambaye ni ko kaji ne, na ce kyanwa ce. Ya juya ya faɗa wa 'yan uwansa da Fulatanci, suka yi dariyar da ba ta buƙatar tafinta.

A bakin ƙofa akwai wata mata a bayan tebur, Madam suke ce mata. Kafin ta kalli abin da ke cikin kwalin ta ce in biya kuɗin kati. Na ce kyanwar na mutuwa. Ta ce kati dai. Na biya. Likitan ya fito, wani siririn saurayi mai tabarau da takalmin roba har gwiwa. Ya ɗaga Baƙuwa ta wuya, ya duba bakinta, ya faɗa wa Madam wata magana da Turanci, ya shige da ita ciki.

"Dokta, me ya same ta? Za ta tashi?"

"Muna lura da ita, Hajiya."

Wannan ita ce maganar da na yi ta ji har ƙarshen zamanmu a can. Muna lura da ita. Ban san allurar da aka yi mata ba, ban san ko ta awaki ce aka rage mata ba (har yau ina zargin haka). Aka aske mata hannu aka ɗaura ƙarin ruwa, aka sa ta a wani keji mai warin kashin kaji, dab da karnukan nan. Ni da ban san asibiti ba sai na mutane, na koma gida na ɗauko tabarma da buta, na dawo zan yi jinya. Madam ta ce nan ba a jinya, in tafi, za a kira ni a waya. Ba a kira ba. Na kira lambar da ta ba ni, tana shiga ba a ɗauka. Kullum in na zo da safe sai in tarar da sabon kuɗi: na ƙarin ruwa, na allura, na safar hannu, har da kuɗin gado. Na ce mata, "Wane gado? Kejin kajin?" Ta ce haka tsarin yake. Jarkar man da na tara don kasuwa, ita na sayar.

Ranar da na koma aji na makara, idona ja. Malamarmu ta tambaye ni lafiya, na ce ina da marar lafiya a asibiti. To nan ban yi ƙarya ba. Sai Dada Asta ta juyo daga bencin gaba.

"Subhanallahi. Wa ke nan, Ta Mubi?"

Duk ajin ya zuba min ido. Dariyar makiyayan nan ta dawo min a kunne. In buɗe baki in ce kyanwa, a gaban matan da wasu sun binne 'ya'ya, wasu sun yi jinyar miji shekara da shekaru? Sai na ji bakina ya ce, "Yarinyar da nake riƙo ce. Guba ta ci."

Aji ya ɗauki salati. Wata ta dafa kafaɗata. Ku yarda da ni, tun da na bar Mubi ba wanda ya dafa ni sai cikin turmutsutsun kasuwa. Suka tambayi asibitin, na ce na kuɗi ne, can bayan gari, kuma ba sa barin 'yan dubiya.

Da na tsaya nan da sauƙi. Amma washegari kafin in zauna, "Ya mai jiki?" ta ko'ina. Maman Walida, wata 'yar gajeriya mai yawan dariya, ta kawo min kunun gyaɗa a fulas ta ce in kai wa yarinya. Na kai shi ɗaki na zauna ni kaɗai na shanye, ina sha ina jin kunya, ina jin daɗi kuma. Ba kunun ba ne. Abin da ya shige ni shi ne wani ya tuna da ni a gidansa har ya hura wuta.

Daga nan bakina ya buɗe. Duk haushin asibitin da ba ni da wanda zan faɗa wa, na juye musu. Na ce likita ba ya yi min bayani. Na ce an kwantar da ita kusa da masu ihu dare da rana, ko barci ba ta yi. Na ce an hana ni jinya, ba a ba ta abinci, wurin kwanciyarta wari yake, kuma ana cajin kuɗin gado alhali ba gado. Ko ɗaya ban ƙara gishiri ba. Wutsiyar kawai na ɓoye.

Da na gama, Dada Asta ta ce, "Wannan ba asibiti ba ne. An ga ba ki da kowa ne."

Na ce, "Haka ne, Dada." Har da share ido. (Allah ya yafe min, hawayen na gaske ne.)

Ranar Asabar babu aji. Hamma Bello ya sauke ni a asibitin da hantsi ya koma bakin aikinsa. Na wuce kai tsaye wajen keji da ɗan busasshen kifi a ƙullin zanena.

Kejin a buɗe, ba kowa ciki. An cire zanen da na shimfiɗa mata, an wanke wurin, har ruwan bai bushe ba.

Na koma wajen Madam da sauri. "Ina kyanwata?"

Ba ta ɗago ba. "Akwai balas a kanki. Ki biya tukuna."

"Na ce ina take?"

"Dokta yana bizi da saniya. Ki jira, za a sanar da ke."

Da ta san abin da kalmomin nan suke a wajena, da ta zaɓi wasu. Ni na san yadda ake yi: in mutum ya cika a asibitin kuɗi, ba a ba da gawa sai an biya. Na ga keji a wanke, na ji a biya tukuna, na ji ki jira. Na fita tsakiyar filin nan, na yar da mayafi, na ɗaure zane a ƙugu, na buɗe murya irin wadda ko a Demsawo ba su taɓa ji ba.

"Ku fito min da gawarta! Kun kashe ta kuna ɓoye min! Kun cinye min jari, kun hana ni jinya, ko sau ɗaya ba ku faɗa min abin da ke damunta ba! An taɓa ce min in jira, na jira, ban ga gawa ba har yau! Wannan kam sai na gani da idona! Ni zan binne abata da hannuna!"

Shanu suka firgita, karnuka suka ɗauka, makiyaya suka ja da baya. Ina cikin haka na ji salati a bayana, muryoyin mata da yawa.

Na juya. Keke biyu a bakin ƙofa, na gaba na Hamma Bello. Ga Dada Asta da farin mayafi, ga Maman Walida rungume da kula, ga sauran matan ajinmu da fulas da ledar lemo da sabulu, sun sha kwalliyar dubiya. Ashe tun ranar da na kai musu ƙara suka shirya: za su zo su ga yarinya, su kuma nuna wa asibitin cewa Ta Mubi tana da mutane. Suka haɗu a ƙofar makaranta, suka sami Hamma Bello a inda yake tsayawa, Dada Asta ta ce ya kai su inda yake kai ni. Sun yi mamakin ganin shanu, amma kafin su tambaya suka ji ina kiran gawa.

Maman Walida ta dire kular ta fashe da kuka. Dada Asta ta taho ta rungume ni, ta kifa kaina a ƙirjinta tana cewa, "Yi haƙuri, Ta Mubi. Allah ya ba da, Allah ya karɓa. Ba ke kaɗai ba ce, ga mu." Wata ta ce a kira malamin unguwarsu, wata tana tambayar ko akwai likkafani. Makiyayan da suka san komai suka tsaya baki buɗe. Shi kuwa dattijon nan mai sanda, ganin mata na kuka haka, sai ya cire hula shi ma.

Ni fa a lokacin na san ramin ƙaryata ya ƙure. Amma na yi imani Baƙuwa ta mutu, kuma ga ƙirjin mutum, ga hannu a bayana. Kukan da ban yi wa Malam Umaru ba, don ba a yi masa zaman makoki ba, shi ya taso gaba ɗaya. Na riƙe matar nan na yi ta rusa shi kamar yarinya.

Sai na ji muryar likita.

"Hajiya! Hajiya, me ya faru? Ga marar lafiyar taki."

Na ɗago. Yana tsaye, hannu ɗaya duk kashin saniya, ɗaya hannun kuma ya rungumo Baƙuwa. Rayayya. Hannunta a aske da filasta, tana lasar baki. Ta dube ni ta ce, "Miyau."

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har karnukan sun yi tsit.

Likitan bai san dawar garin ba, ya ci gaba da bayani (ranar ce ya fara yi min bayani, ranar da na fi son ya yi shiru). "Haushin karnuka ne ya hana ta cin abinci, shi ne na mayar da ita ofishina tun jiya. Ta warware, har ta yage min kujera. Ai na ce wa Madam ta faɗa miki."

Madam ta ce, "Ni balas aka ce in karɓa."

Dada Asta ta sake ni a hankali. Ta dubi kyanwar, ta dube ni, ta sake duban kyanwar.

"Ta Mubi. Wannan ne 'yar riƙon?"

"Ita ce, Dada."

"Shi ne ya ci guba?" (Hausar Dada ba ta raba mace da namiji, balle ta kyanwa.)

"Ita ce."

Maman Walida, da hawaye bai bushe mata ba, ta yi wata irin shaƙuwa, sannan ta durƙushe tana dariya tana dukan ƙasa. Sauran suka kama. Makiyaya suka kama. Dattijon ya mayar da hularsa yana girgiza kai. Ni kuwa ina tsaye ba mayafi, zane a ƙugu, majina har leɓe, mace mai jikoki. Na hango Hamma Bello ya laɓe bayan kekensa. Daga baya da na tare shi cewa ya yi, "Goggo, kin ce kar in faɗa, ban faɗa ba. Kawo su kawai na yi. Dada ce fa, ina ni ina ce mata a'a?"

Dada Asta kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko mayafina daga ƙasa, ta kaɗe, ta yafa min. Sannan ta matsa gaban likita, ta sunkuya daidai fuskar kyanwar, da cikakkiyar natsuwa ta ce, "Sannu. Yaya jiki? Allah ya ƙara sauƙi."

Wannan gaisuwar ta fi dariyar kashe ni.

Ta juya ga matan. "Dubiya muka zo, sai mun yi dubiya. A shimfiɗa tabarma."

Aka shimfiɗa a gindin dalbejiya, tsakanin raguna. Aka buɗe kula, farfesun kifin Binuwai ne. Dada ta ciro tsoka ɗaya, ta wanke yajin da ruwan buta, ta ajiye wa Baƙuwa a murfin kula. Aka zuba wa makiyaya kunu. Sannan ta sa aka kira likita, ta yi masa magana ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, ka yi aiki, dabba ya tashi, mun gode. Amma dabba ba ya zuwa asibiti da ƙafarsa, mutum ke kawo shi. Kana duba na cikin kwali, ka riƙa duba wanda ya ɗauko kwalin. Kalma biyu jiya, da duk wannan bai faru ba. Kuma ku nuna min gadon da ake biya."

Ya sosa ƙeya, ya ce a cire kuɗin gado. Na biya sauran, na ɗauki kyanwata, na shiga keke ban kalli kowa ba.

Na daina zuwa aji. Na ce karatun ya isa haka, ai na iya rubuta sunana. Ko ƙofar gida ba na son fita, ina ganin kowa a Jimeta ya ji. Sai wata la'asar na ji sallama a ƙofar ɗakina. Dada Asta ce, ita kaɗai. Ba wanda ya taɓa shiga ɗakin nan sai mai gyaran wuta. Ta zauna a tabarma tana kallon abin da ke ciki: kofi ɗaya, kwano ɗaya, filo ɗaya, sai hular Malam da ta biyo ni cikin ƙullin kaya, rataye a ƙusa.

"Wanda kika ce ba ki ga gawarsa ba, mai hular ne?"

Na ce shi ne. Na ba ta labarin, karo na farko da na ba wa mai ƙafa biyu.

Ta sake duban hular. Baƙuwa ta zo ta haye cinyarta, marar kunya.

"Ƙaryarki ba ta dame ni ba," in ji Dada. "Abin da ya dame ni, muna aji ɗaya da ke tun bara, sai da kika yi ƙarya muka san hanyar zuwa."

Na ce, "Ai ban gayyaci kowa ba."

"Mun sani. Bakinki kamar barkonon Mubi. Gobe akwai aji, in ban gan ki ba zan turo Maman Walida ta yi miki dariya har gida."

Na koma. Da na shiga, ajin gaba ɗaya suka haɗa baki: "Ya mai jiki?" Na ce, "Ta fi ku lafiya." Aka yi dariya, aka buɗe littafi.

Shekaru sun wuce yanzu. Mun gama ajin, da hannuna nake rubuta wannan. Ba zan ce muku ɗakina ya cika da mutane ba, don na daina ƙarya irin wannan. Yawancin yammaci ni da Baƙuwa ne, ta tsufa, ko ɓera ya bi ta kan wutsiyarta ba ta ɗaga kai. Hular na nan a ƙusarta. Sai dai kofunana sun zama uku, kuma ranar Juma'a nakan hau keke zuwa Karewa in sha shayi wajen Dada, mu yi faɗa a kan wanda ya fi iya dama kunu tsakanin Mubi da Yola. Asibitin ma ban canza ba. Yanzu in likitan ya hango ni da kwali, tun daga ƙofa yake fara bayani, sunan allura da dalilinta da kuɗinta, har sai na ce ya isa haka. Madam dai tana nan da balas ɗinta.

Har yau in na haɗu da wata 'yar ajinmu a kasuwar Jimeta, ba ta ce min ina kwana. Daga nesa za ta ɗago hannu ta ce, "Ta Mubi, ya mai jiki?" Ni kuma in ce da sauƙi, ba na tsayawa tantance wa ake nufi a cikinmu.

Abin da na koya? In kewa ta ishe ki, ki faɗe ta da sunanta, don kunyar faɗa ba ta kai ta a kama ki kina makokin kyanwa mai rai ba. In kuma kin ƙi ji, lallai sai kin yi ƙaryar asibiti a garin da ba a wasa da dubiya, to ki taimaki kanki: kar ki riƙa hawa keken mutum ɗaya kullum.